Filin Wasanni: Illar Ɗaure Yaro A Gurbi Guda A Ƙwallon Kwando

Duk malamin wasannin da ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon kwando, ko a wata makarantar sakandare ce a Kano ko Zariya, ko kuwa yaran unguwar Dogo Tebo ne ya tara a garin Potiskum na Jihar Yobe, ya san ba abin da ya kai zaɓen mutum biyar ɗin da za su fara wasa wuya. Malamai da yawa kuwa sukan sauƙaƙa wa kansu aikin ta hanyar jera yara kamar masu ɗaukar soja. Wanda ya fi tsawo a tura shi gindin kwando, a ja masa kunne kada ya kuskura ya yi tafiya da ƙwallo. Gajere mai zafin nama a danƙa masa ƙwallon, a ce aikinsa rabawa kurum. Daga ran nan kowa ya sami gurbinsa, kuma a nan zai zauna har ya bar makaranta.

A bisa al'ada an kasa 'yan wasa gurbi biyar, kowanne da lambarsa. Lamba 1 shi ke ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara yadda za a kai hari, don haka sunan madugu ya dace da shi, tun da shi ya san hanyar da ayari zai bi da inda za a yada zango. Lamba 2 shi ne maharbi, mai jefa ƙwallo daga nesa. Su biyun nan su ne 'yan baya. Lamba 3 da 4 suna aiki ta gefe da kusa da kwando, lamba 5 kuwa shi ne dogon da ke tsakiya. Amma fa ya kamata a sani, wannan rabo na masu koyarwa ne, babu shi a cikin dokar wasa. A ƙwallon ƙafa doka ta ware mai tsaron gida ta ba shi abin da ba ta ba kowa ba. A ƙwallon kwando kuwa abin da ya halatta ga ɗaya ya halatta ga biyar. Ko lokacin da James Naismith ya ƙago wasan a garin Springfield na ƙasar Amurka a 1891, mutum tara-tara ne suka kara da juna.

Babbar illar wannan ɗauri ita ce tsawon yaro ba ya jiran shawarar malami. Yaro ɗan shekara 14 da ya kai mita 1.80 dogo ne a cikin tsararrakinsa, amma in tsawon ya tsaya nan, to ran da ya kai shekara 18 ya je gwaji a ƙungiya irin Kano Pillars, zai tarar da masu tsawon mita biyu sun cika gindin kwando. Sai a ce ya koma baya, alhali kuwa shekara huɗu ana hana shi buga ƙwallo a ƙasa, hannunsa na hagu bai san komai ba, bai taɓa jefawa daga bayan layin maki uku ba. Yaron bai yi lalaci ba, abin da aka sa shi ya yi. Wanda ya cuce shi kuwa yana can ya ci kofi da tsawonsa ya manta da shi.

Ga kuma na biyu, watau gajeren da aka naɗa madugu. Shi ma ba a bar shi ya koyi gudu ba tare da ƙwallo ba, ko neman sarari ya karɓa ya harba, ko tsare wanda ya fi shi jiki. Ƙungiyar da ke da madugu guda tak kuwa a kan siraɗi take. Dokar wasa ta duniya ta ba da daƙiƙa 8 a tsallake da ƙwallo rabin fili, da daƙiƙa 24 a jefa shi kwando, kuma wanda ya yi laifi biyar an fitar da shi ke nan. Abokin karawa mai wayo sai ya sa mutum biyu su ritsa madugun tun daga bayan fili, ko a yi ta tsokanarsa har laifuffukansa su cika. Da ya koma benci sai a ga maharbi na rawar jiki da ƙwallo kamar an miƙa masa garwashi.

Mai neman shaida ba sai ya yi nisa ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko a 1963, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu, har ma a cikin 'yan ƙwallon hannu na makarantarsu yake sa'ad da aka shirya zuwa gasar wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato, inda aka roƙa a ara shi ga 'yan ƙwallon kwando. Iya taku da juyin da ya kawo daga waɗancan wasanni su suka bambanta shi da sauran dogaye, har ya ci wa Houston Rockets kofin NBA a 1994 da 1995. Bayan ya yi ritaya, Kobe Bryant, wanda ɗan baya ne, ya je wurinsa takanas a 2009 don koyon takun gindin kwando. In ɗan baya irin wannan ya ga bai fi ƙarfin koyon aikin lamba 5 ba, ina dalilin hana yaron sakandare?

Akwai kuma abin da ya faru a wasan ƙarshe na NBA a 1980. Kareem Abdul-Jabbar, dogon Los Angeles Lakers, ya gurɗe a idon sawu, bai iya zuwa wasa na shida a Philadelphia ba. Sai aka sa madugun ƙungiyar, Magic Johnson, ɗan shekara 20 mai tsawon mita 2.06, ya fara wasa a gurbinsa. Ya ci maki 42, ya cafe ƙwallon da ya dawo daga allo sau 15, Lakers suka ɗauki kofi. Da yaron nan ya faɗa hannun mai awon sojoji tun yana ƙarami, da an tura shi gindin kwando saboda tsawonsa, da duniya ba ta san ɗaya daga cikin manyan madugai ba.

Al'amarin ya wuce na yaro guda, ya shafi ƙasa. Nijeriya ta daɗe tana fitar da dogaye, amma in aka duba 'yan bayan da suka ɗauke ta a manyan wasanni, yawancinsu a Amurka aka haife su aka rene su. Chamberlain Oguchi, gwarzon gasar Afirka ta 2015 da Nijeriya ta ci a Tunisiya, haifaffen Houston ne. Gabe Vincent, wanda ya ci maki 21 ran da aka ka da Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021, a Kalifoniya ya tashi. Haka Ezinne Kalu, madugar matan da suka kai zagayen kwata fainal a wasannin Olimfik na Faris a 2024. Ba wanda zai raina hidimarsu, amma abin tambaya ne yadda ƙasa mai yawan samari haka ta kasa ƙera madugai a gida. Ba kuwa don ba a taɓa yi ba: Zariya ta reni Masai Ujiri a hannun malami Ba'amurke Oliver Johnson, ya yi wasa a matsayin ɗan baya a Amurka da Turai, daga bisani ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019.

To, sai dai malamai ma suna da hanzarinsu, kuma ba a yi musu adalci ba in aka ƙi jinsa. Shugaban makaranta kofi yake so. Gasa irin ta Milo ta makarantun sakandare ba ta jiran mai gwaji, in an sha kashi sai baɗi. Yaron da aka canja wa gurbi kuwa dole ya yi ta zubar da ƙwallo kafin hannunsa ya faɗa. Ban da haka, yaron da ake ta yawo da shi yau nan gobe can, ba tare da ya ƙware a ko ɗaya ba, shi ma an cuce shi, ya zama taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne duka. Abin da ya fi shi ne kowane yaro ya sami gurbin da yake gidansa, sa'an nan a ba shi na biyu da zai riƙa leƙawa a kai a kai. Maharbi ya ɗauko ƙwallo daga baya a zango na biyu na kowane wasa, madugu ya koma gefe ya koyi karɓa da harbi, dogo kuwa a wajen horo a sa shi cikin layin 'yan baya kowace rana, ko da na minti goma ne. Minti arba'in ake yi a wasa, zango huɗu na minti goma-goma. Wanda ya ce ba zai iya ba da biyar daga ciki don gobe ba, tsoro ne ke damunsa.

Wani abin da ake gardama a kansa shi ne sa 'yan baya uku a fili lokaci guda. Yana ƙara sauri, yana kuma karya ritsawar abokan gaba, tun da ba su san wanda za su tare ba. Detroit Pistons ta ci kofin 1989 da 1990 da 'yan baya uku, Isiah Thomas da Joe Dumars da Vinnie Johnson, suna karɓar juna, kuma Dumars maharbi kan riƙe madugancin in Thomas ya huta. Amma a bayansu akwai Bill Laimbeer da Dennis Rodman masu kwashe duk ƙwallon da ya dawo daga allo. Malamin da ya sa gajeru uku ba shi da masu wannan aiki, zai ga abokan karawa na jefawa sau biyu sau uku a hari guda. Sai in ya ɗora wa 'yan bayan nasa alhakin shiga cikin dogaye su yi kokawar ƙwallo, wanda shi ma wani darasi ne da suke bukata.

A wurare irin Potiskum, inda zafin watan Afrilu ba ya barin horo sai da sassafe ko bayan La'asar, kuma mai yiwuwa kwando ɗaya ne mai lafiya a fili, akwai hanya mai arha, watau wasan uku-uku a kwando guda, wanda ya shiga Olimfik a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Minti 10 ake yi, ko wanda ya riga kai maki 21, kuma daƙiƙa 12 kacal ake ba ƙungiya ta harba. A nan ba wanda zai laɓe a gindin kwando yana jira a kawo masa: dogo dole ya fita waje ya yi tafiya da ƙwallo, gajere dole ya tsare dogo. Yara goma sha biyu za su kasu ƙungiya huɗu, biyu na wasa biyu na jira a inuwa, kuma kafin a kira Magariba kowannensu ya taɓa ƙwallo fiye da yadda zai taɓa a mako guda na wasan biyar-biyar.