Kwanon Sarki Da Digiri Na Biyu

Duk wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, zai ga kududdufai da tsibin jar ƙasa dama da hagu, watau gadon da haƙar kuza ta bari. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kafa sansani a wannan tudu, har aka jawo siririn dogo daga Zariya cikin 1914 domin kwashe kuzar. Da yawa daga cikin wannan ƙasa kuwa a ka aka ɗauke ta, cikin kwanon sarki. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har aikin tilas aka sa, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da dama. Kamfanoni sun san nauyin kuza da kuɗinta a Landan. Abin da wuyan lebura zai iya ɗauka ba ya cikin lissafinsu.

A daidai waɗannan shekaru ne wani sabon ilmi ya tsiro a Amurka. Jiragen yaƙi samfurin B-17 sun yi ta yin haɗari wajen sauka, kullum ana ɗora wa matuƙa laifi. Cikin 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba ya ga maɓallin ƙafafun jirgi da na fiffike kamarsu ɗaya, suna kuma dab da juna, saboda haka matuƙin da ya gaji sai ya taɓa wannan maimakon wancan. Da aka sāke musu siffa yadda hannu zai bambanta su ko ba a duba ba, sai irin wannan haɗari ya kau. Ashe laifin yana wurin wanda ya ƙera jirgin.

Wannan shi ne ilmin daidaita kayan aiki da ɗan Adam. An kafa ƙungiyarsa a Ingila cikin 1949, yau kuma jami'o'i kamar ta Loughborough a Ingila da ta Washington a Amurka suna ba da digiri na biyu da na uku a kansa. Ɗalibi yakan koyi auna tsawon mutane da ƙarfinsu, da yadda zafi da ƙara da gajiya ke jawo kuskure. Babban sharaɗi kuwa shi ne ya zauna da mai aikin, ya ga yadda yake yi, kafin ya zana komai, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga misali. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma sai in komai ya daidaita. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. To, ina ga ɗan dakon da ke lodin buhunan dankalin Turawa a kasuwannin Bokkos da Mangu tun safe har la'asar? Ina ga samarin da suka gaji ramukan kuza bayan faɗuwar farashinta cikin 1985, suna shiga da igiya da diga da shebur, mata na ɗauke ƙasa a ka kamar yadda kakanninsu suka yi? Injunan da ake shigowa da su ma an ƙera su ne bisa awon jikin mutanen wasu ƙasashe.

Jos tana da abin da ake bukata. Jami'arta, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan cikin 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta cikin 1975, tana koyar da likitanci da injiniyanci da ilmin halayyar ɗan Adam, waɗanda su ne duwatsun murhu uku na wannan fanni. Ga asibitin koyarwa, ga kuma cibiyar nazarin ma'adinai ta Gwamnatin Tarayya a garin. Ya kamata a haɗa waɗannan wuri guda a ba da horo mai ƙarfi a matakin digiri na biyu, a kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya yi bincikensa a bakin rami, ko gona, ko tasha, ya fito da abin da maƙerin gida zai iya ƙerawa, talaka ya iya saye.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da rashin aikin yi ba ta da sararin irin wannan karatu. Sai su tuna magidancin da ciwon baya ya kwantar yana ɗan shekara 40, iyalinsa suka koma hannun dangi. Kuɗin da ba a kashe wajen gyara kayan aikinsa ba, ana biyansa a asibiti ninki ba ninki. Hukumar jami'a da Gwamnatin Jihar Filato su duba wannan magana da idon basira, gama rigakafi ya fi magani.