Bututun leda ba ya kai sanyin esi ɗakin yara



Duk wanda ya taɓa kwana a ciki da falo a Agege ko Idi-Araba tsakanin Fabrairu da Maris ya san irin zafin da nake nufi. Ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne mai ƙuna da bushewa, wanda in ka yayyafa ruwa a tsakar gida ka shimfiɗa tabarma za ka ɗan samu sauƙi. Zafin Legas mai laima ne, gumi ya fito ya ƙi bushewa, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Tsakar gidan da za a fita ma babu. A irin wannan hali ne magidanci zai lallaɓa ya sayi esi guda ɗaya irin na taga, galibi na hannu, ya kafa a uwar ɗaki. Kwana biyu sai tambaya ta taso: yaran da ke kwana a falo fa?

Wani maƙwabcina ya amsa wannan tambayar da dabararsa. Ya samu kwali ya yi wa bakin esin hula, ya naɗe da salatif, ya haɗa da doguwar leda wadda ya mayar kamar bututu, ya ratsa da ita ta saman ƙofa zuwa falo, sannan ya rufe ƙofar. Daren farko ya kira ni in gani, yana murna. Na sa hannu a bakin ledar, gaskiya iska mai sanyi na fitowa. Na ce masa, "Alhaji, Allah ya sa ta ɗore." Ba a yi mako guda ba ya same ni da labarin cewa esin ya daina sanyi, ruwa na ɗiga a kan katifa, da ya cire murfin gaba kuma sai ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe ƙarfen ciki. Mai gyara ya zo, abu na farko da ya yi shi ne yage kwalin.

Ra'ayina a kan wannan a bayyane yake: a daina ɗaura wa esin taga bututu. Niyyar mai kyau ce, uba ne ke son 'ya'yansa su yi barci, amma hanyar ba ta ɓullewa, kuma akwai wadda ta fi ta sauƙi da arha. Sai dai kafin a kai ga wannan, ya kamata mu fahimci yadda na'urar ke aiki, don yawancinmu mun ɗauke ta kamar famfo ne mai zubo sanyi, duk inda ka karkata tiyo nan ruwa zai tafi.

Esi ba ya ɗauko iska daga waje. Iskar ɗakin da kake ciki yake zuƙa ta wannan ragar ta gaba, ya ratsa da ita ta jikin ƙarfe mai sanyi, ya cire mata zafi da laima, ya dawo maka da ita ta sama. Zafin da ya cire shi ne wanda yake fitarwa ta bayansa a waje, laimar kuma ita ce ruwan da kake gani yana ɗiga. Wato iska ɗaya ce ke zagayawa, tana ƙara sanyi a duk zagaye. To idan ka ɗauki iskar da ya fitar ka tura ta wani ɗaki ka rufe ƙofa, ka yanke zagayen. Ɗakin da esin yake ciki zai nemi cike gurbin iskar da ta tafi, sai ya riƙa jawo ta waje mai zafi ta kowace kafa, ta gefen taga, ta silin, ta ƙasan ƙofar baya. Falon kuma da ake ɗura wa iska, dole wata ta fita, sai sanyin da ka biya kuɗinsa ya sulale ta tsakanin gilasan luba ya tafi titi. Kana sanyaya unguwa ke nan da katin mitarka.

Na biyu, fankar da ke cikin esin taga ba a yi ta don tura iska ta cikin dogon bututu ba. An yi ta ne ta busa a fili, cikin ɗaki. Da zarar ka matse mata baki, musamman da leda mai lanƙwashewa da naɗewa, yawan iskar da ke ratsa ƙarfen sanyin sai ya ragu. Ƙarfen ya rasa isasshiyar iska mai ɗumi da za ta taɓa shi, sanyinsa ya wuce ƙima, ruwan da ke jikinsa ya daskare. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, iska ta ƙara raguwa, haka dai har esin ya koma yana ƙara kawai babu sanyi. Abin da ya samu Alhaji ke nan. Ba gas ne ya ƙare ba, ko da yake na san da yawa daga cikinmu an karɓe musu kuɗin cika gas a kan irin wannan matsalar. Idan aka ci gaba da haka, kwamfuresa ce ke shan wahala, kuma ita ce abu mafi tsada a cikin na'urar.

Sannan ga batun laima, wanda mu mazauna kudu bai kamata mu manta da shi ba. Iska mai sanyi a cikin leda ko bututun roba marar rufi, a ɗakin da ke cike da danshi, daidai take da kwalbar lemo mai sanyi da ka ajiye a kan tebur: jikinta zai yi ta zufa. Ruwan zai bi bango, ya jiƙa labule, fumfuna ta fito, a ɗakin da yara ke shaƙar iska dare da rana. Asali ma na'urar da Willis Carrier ya ƙera a 1902 don wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, an yi ta ne don rage laimar da ke ɓata takarda, ba don jin daɗin mutane ba. Har yau rabin daɗin esi a gari irin Legas ko Fatakwal shi ne bushewar iska, ba sanyin kaɗai ba.

Na san wani zai ce nasa yana aiki. Ban musa ba. Idan bututun gajere ne, mai faɗi, miƙaƙƙe, an naɗe shi da soso, an sa masa ƙaramar fanka mai taimakawa, kuma bai rufe bakin esin gaba ɗaya ba, zai iya kai wani abu. Amma ko shi ɗin ba zai yi amfani ba sai an bar wa iska hanyar dawowa. In kuwa dole sai an bar ƙofa a buɗe don iska ta dawo, to mene ne amfanin bututun tun farko?

Hanyar da nake ba da shawara ba ta wuce ƙofa da fanka ba. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ƙasa take sauka. A buɗe ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu, a juya fikafikan bakin esin su kalli ƙofar, a ajiye fanka a ƙasa daidai bakin ƙofa tana busawa cikin falo. Mai sanyi za ta bi ƙasa ta shiga, mai zafi ta biyo saman ƙofa ta dawo wajen esin, zagayen ya cika. Yaran da ke kwana a katifa a ƙasa su ne ma za su fi morewa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗaga fankar sama, ko a kunna fankar silin ta falo da ƙarfi a ɗakin da kwano ya gasa silinsa tun rana, sai ta dinga sauko da zafin sama tana cakuɗa shi da ɗan sanyin da ya shigo. Kuma wajibi ne a ɗauki ɗakunan biyu a matsayin ɗaki ɗaya: a rufe tagogin falon, a toshe ƙasan ƙofar waje da tsumma, a cike gibin da ke gefen esin inda kafinta ya bar rami, a rufe ɗan maɓallin nan da ke shigo da iskar waje idan esin yana da shi. Ƙofar kicin kuwa a rufe ta ruf, in ba haka ba murhu da esi za su kwana suna kokawa.

Akwai matsalar da ba ta injiniya ba, kuma ita ce ainihin abin da ya sa Alhaji ya nemi leda. Magidanci ba ya son kwana da ƙofa a buɗe alhali yara sun fara girma. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kunya da sirri ba abin wasa ba ne a gidajenmu. Amma akwai mafita. Ana iya buɗe ƙofar tun bayan sallar Magariba, a bar esin ya sanyaya ɗakunan biyu da bangonsu, a rufe idan za a kwanta, fanka ta ci gaba da aiki a falo. Wanda gidan nasa ne, ko mai gida ya amince masa, zai iya sa a huda bango kusa da silin a kafa ƙaramar fankar nan ta kicin mai zuƙe iska, ta riƙa jawo mai zafi daga falo zuwa ɗakin esin, a rage ƙasan ƙofa kaɗan ko a sa mata raga don mai sanyi ta wuce. Sai dai a sani, inda iska ta bi murya ma za ta bi. Ɗan haya kuma kada ya taɓa bango sai ya nemi izini, mun san halin rigimar haya a garin nan.

Ni dai a ganina, a gida mai ciki da falo, falon ya fi cancanta da esin. Nan ake wuni, nan baƙi ke zama, nan yara ke kwana, kuma ƙananan yara da tsofaffi su ne zafi ya fi yi wa illa. Babba zai iya jurewa da fanka da ɗan sanyin da ke shigowa. Na san ba kowa zai ji daɗin wannan maganar ba, musamman wanda ya tara kuɗin da guminsa, amma ai don su ake neman.

Duk wannan bai kawar da magana guda ba: esi yana da iyakarsa. Wanda muke kira mai doki ɗaya, ƙarfin sanyinsa wajen BTU 9,000 ne, mai doki ɗaya da rabi wajen 12,000, mai doki biyu wajen 18,000. Mai doki ɗaya ɗaki guda madaidaici aka yi shi dominsa. In ka ɗora masa falo, musamman a saman bene ko ƙarƙashin kwano, ba za ka samu ɗaki biyu masu sanyi ba, za ka samu biyu masu dama-dama. Mayar da shi lamba 16 ba zai ƙara masa ƙarfi ba, illa dai ya hana kwamfuresa hutawa. A bar shi a 24 ko 25, fanka ta cike sauran, don iska mai motsi a jikin mutum tana sa ya ji sanyi fiye da abin da lamba ta nuna.

Ga kuma lissafin aljihu. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya, kowa ya koyi kallon mita. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin wajen wat 1,200 idan kwamfuresa na aiki. In ya kwana awa takwas bai huta ba, kusan yunit goma ke nan, wato abin da ya kai naira dubu biyu a dare ɗaya, wajen dubu sittin a wata. Fankar tsaye kuwa wajen wat 60 take ci, a awa takwas ɗin ba ta kai rabin yunit ba. Saboda haka duk dabarar da za ta hana kwamfuresa hutawa, irin ledar Alhaji mai jawo iskar waje, asara ce kai tsaye. Wanke ragar gaba duk bayan mako biyu, da sa labule mai kauri a tagar da rana ke duka, sun fi kowane bututu rage kuɗin wuta.

Abu ɗaya ne zan roƙi kowa da shi don girman Allah. Idan an toshe tagogi da ƙofofi don riƙe sanyi, kuma aka ɗauke wuta aka tayar da injin janareta, kada a bar injin a baranda, ko a lungun shiga ɗakuna, ko ƙarƙashin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari marar launi, mai kashe mutum yana barci, kuma ɗakin da aka toshe shi ne mafi hatsari. Mun sha jin labarin iyalai da aka wayi gari babu su saboda haka. A kai injin fili, nesa da tagogi da bayan esi, bakin hayaƙinsa ya juya wa gida baya. Ƙaramin injin nan na fitila da fanka kuwa, kada ma a gwada ɗora masa esi, don lokacin tashi kwamfuresa na fizgar wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita. Haka nan idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti uku kafin a sake kunnawa.

Alhaji dai bai yarda ya mayar da esin falo ba, ya ce tagar falon ta kalli hanyar wucewar maƙwabta, za a yi ta ƙorafin ruwa da zafin bayansa, kuma yana da gaskiya. Fanka ya saya ya ajiye a bakin ƙofa, yana buɗewa daga Magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Ledar kuma uwargida ta yanka ta rufe buhunan shinkafa da ita.