Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Tsofaffin Gidajen Silima

Mai Girma Gwamna,

Haƙurina ya ƙare, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tsofaffin gidajen silima na Kano suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, gwamnati tana kallo. Wasu an rushe, wasu an yanka su shaguna, wasu an bar wa rana da damina. Rex, wadda aka buɗe a 1937, da Plaza, da Orion, da Eldorado, da Marhaba: wa ya auna gininsu, wa ya ɗauki hotonsu ya adana? Yau in ka ce Wapa, wadda ita ma a da silima ce, yaro canjin dala kawai zai tuna.

Ranka ya daɗe, gine-ginen nan an yi su ne daidai da yanayin garinmu. Doguwar katanga, fili babu rufi, ƙaton bango fari a gaba shi ne allo, ɗakin majigi a can baya da 'yar tagarsa da haske ke fitowa. Masu tikitin araha a benci, masu hali a kujerun baya. Saboda babu rufi, dole a jira duhu kafin a sa fim. A nan Kanawa suka yi ta kallon Mother India shekara da shekaru, kuma a wannan kallon ne da yawa daga masu shirya finafinan Hausa suka koyi sana'a. Jihar da take alfahari da Kannywood ta zuba ido ana share asalinta!

Na san abin da za a ce: wuraren shaye-shaye ne da 'yan daba. An faɗi haka tun 1952, lokacin da aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, jama'a suka yi ca. An sake faɗa a 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a. Akwai gaskiya a ciki. To amma laifin mai kallo ne ko na bulo da siminti? A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Yara nawa ne a Kano yau za su iya nuna inda abin ya faru? Ko don waɗannan bayin Allah ai bai kamata a binne tarihin ba.

Kai mutum ne mai kishin Kano, kowa ya shaida. Garin da ya iya riƙe Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ba zai kasa riƙe silima guda ɗaya ba. Ɗaya tak nake roƙo. A sa Hukumar Tarihi da Al'adu ta zaga ta ƙidaya abin da ya rage, a hana rushewa sai da izini, a sasanta da masu ɗaya daga cikin gine-ginen, a mayar da shi gidan tarihin finafinai, a nemo tsofaffin masu sarrafa majigi a naɗi bakinsu tun suna raye.

Don Allah, Mai Girma, kada ka bari a yi ta kafa kwamiti har magina su gama aikinsu. Filayen nan suna tsakiyar kasuwa, masu kuɗi kuma ba sa jira. In aka rushe na ƙarshe a zamaninka, da sunanka za a riƙa ba da labarin.

Naka,
Wani ɗan Fagge