Kuɗin Bita Ba Na Duba Ba Ne

Jama'ar Sabo, wata sabuwar al'ada ta shigo makarantunmu, kuma da kuɗinmu ake yin ta. Sai a tara malamai a bita, a biya daga asusun iyayen yara, a raba musu takardar tambayoyi wai da ita za su gane wane yaro ne "mai koyo da ido", wane ne "mai koyo da kunne", wane ne sai ya taɓa da hannu. Malam ya dawo aji ya kasa yara kashi-kashi kamar tumatir a kasuwa.

Fitaccen gwajin nan, VARK, wani malami ɗan Niyu Zilan mai suna Neil Fleming ne ya fito da shi a 1987. Abin da yake tambaya kawai shi ne wace hanya mutum ya fi so. To ai so daban, amfani daban. A 2008 masana huɗu a Amurka, ƙarƙashin Harold Pashler, sun tace binciken da aka yi, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa koyar da ɗalibi ta "salonsa" na ƙara masa fahimta ba. Tun 2004 wasu masana a Ingila suka ƙirga irin waɗannan tsare-tsare har 71. Wanne za mu kama?

Darasi ne ke zaɓar hanyarsa. Taswirar Najeriya sai an gani, tajwidi sai an ji, ɗinki sai an kama allura. A makarantar allo yaro yana ji, yana gani, yana rubutawa da tawada, yana maimaitawa da baki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa salonsa.

Illar ba ƙarama ba ce. Yaron da aka ce masa "kai na hannu ne" ya sami hujjar ajiye littafi ke nan, malaminsa ma ya sami ta ƙyale shi. Alhali matsalar yaranmu a fili take: Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji. Wanda bai gane harshen darasi ba, ko ta ido ko ta kunne bai tsira ba.

Don Allah, a taron iyaye da malamai mai zuwa, duk wanda ya kawo maganar wannan bita a tambaye shi hujjarsa. In babu, a juya kuɗin zuwa horar da malamai yadda ake koyar da karatu da lissafi, a sayo littattafai.