Idan moto mai batir ta sauka tashar Madawa, a ina za ta sha?

Ran wata kasuwa ina zaune a rumfar wani mai cajin salula bakin tasha, ina jiran motar Buza ta cika. Kun san irin rumfar: katako guda, ralonj uku an jona su da juna, salula sun fi arba'in kowace da lamba manne a bayanta. Sai ga wani saurayi ya turo moto, ba ƙara ba hayaƙi, yara suka yi caa a kanta. Moto ce mai batir, ya ce yayansa ya kawo mishi ita daga Nijeriya. Ya ciro wayar cajinta ya ce: "Don Allah malam, in ɗan jona." Mai rumfa ya dubi moto, ya dubi ralonj, ya ce: "To nawa zan ce maka? Dala goma kamar salula?" Suka yi ta ciniki, babu wanda ya san kuɗin abin da ake sayarwa. Daga ƙarshe aka jona. Ba a jima ba ralonj ta ɗau zafi, warin roba ya tashi, mai rumfa ya fizge waya yana salati. Saurayi ya tura abarsa ya yi gaba cikin rana.

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma tun ranar abin yake min yawo a ka, don abin da na gani a rumfar nan shi ne rigimar da ake yi yanzu a ƙasashen Turai, sai dai su sun riga mu shiga. Can suna da filayen sauka na masu yawon hutu, inda mutum zai ja ɗakin kwanansa mai taya da mota, ya biya kuɗin wuri, ya kwana. Kowane wuri da sandar wuta, wadda aka yi ta don firji da fitila da tukunyar shayi, ƙarfinta amfiya 6, ko 10, ko 16. Da motoci masu batir suka yawaita, sai baƙi suka fara jona motocinsu a sandunan nan. Mota tana jan wuta iya ƙarfin sandar har gari ya waye, layi ya yi nauyi, wutar maƙwabta ta ɗauke, mai fili kuma ya ga kuɗin wutarsa ya haura alhali kuɗin kwana bai canza ba. Wasu filayen suka hana, wasu suka sa kuɗi daban, wasu suka kafa sandar caji ta musamman da mitarta.

Wani zai ce: ke nan mu ina ruwanmu, mu da ko fitilar ɗaki ba ta kwana? Ruwanmu ne, don mu ma muna da wuraren sauka, kuma tun kafin Turawa su san hutu a mota muke da su. Zango ke nan. Ayarin gishiri na Kel Geres, waɗanda har yau zuri'arsu ke Galma da Arzarori cikin gundumar Madawa, ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu yana auna tafiya da rijiya: inda raƙumi zai sha, inda akwai ciyawa, inda fatoma zai karɓi baƙo. Garin da ke da rijiya shi ke samun kasuwa, wanda ba shi da ita ayari ya wuce shi. Yau tashar mota ce zangonmu, da bakin kasuwar Tunfafi, da inda manyan motoci ke kwana suna jiran lodin albasa. Abin hawa mai batir kuwa raƙumi ne da ba ya jure ƙishirwa. Duk inda aka kafa wurin cajinsa, nan mutane za su tsaya, su ci abinci, su yi salla, su sayi kaya. Wanda ya riƙe wurin cajin ya riƙe rijiyar.

Bari mu yi lissafi kaɗan, don a nan ne maganar take. Batirin salula wajen wat 15 na awa guda ne. Batirin moto irin ta haya yana kai kilowat 3 na awa, wato salula kusan 200 a tashi ɗaya. Ƙaramar mota kuwa batirinta na kai kilowat 50, salula sama da 3,000 ke nan. Jonin bango na gida, ko da mai kyau ne mai amfiya 16, abin da zai iya bayarwa bai wuce kilowat 3 da rabi ba, saboda haka mota za ta yi awa 14 ko fiye tana jan wuta ba hutawa kafin ta cika. Wayoyin da ke yawancin rumfunanmu da shagunanmu ba a ja su don wannan aiki ba. Siririyar waya, an murɗa ta da hannu an naɗe da leda, cikin zafin watan Afrilu, kusa da rumfar zana da kwalaben mai. Ba sai na faɗa muku ƙarshen labarin ba.

Idan da hasken rana za a yi cajin, pano guda mai wat 300 yana ba da kusan kilowat 1 da rabi a yini a irin ranarmu. Pano biyu sun cika moto guda, mota guda kuwa sai ta cinye aikin pano fiye da 30. Shi ya sa ni ban damu da maganar mota ba tukuna. Masu hoton motar lantarki a Facebook su yi haƙuri, abin da zai fara zuwa hanyar Madawa, Buza da Keita shi ne moto da adaidaita, kuma su ne lissafinsu ya yi daidai da abin da garuruwanmu za su iya ɗauka.

Me zai kawo su? Mai. Shekaru da dama ɗan kabu-kabu a yankin nan da man ruwa-ruwa yake aiki, wanda ke tsallakowa daga Nijeriya da arha. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, arhar nan ta tafi. Kowa ya koma gidan mai, matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a yini tun 2011, ta ga buƙatar da ba ta saba gani ba. An rage kuɗin lita daga 540 zuwa 499 cikin Yulin 2024, an ji daɗi, amma kowa ya tuna layukan watan Maris na 2025. Yaron da ya kwana a layi da motonsa, iyalinsa na jiran cefane, idan ka nuna mishi moton da ba ta shan mai ba sai ka yi mishi wa'azin sauyin yanayi ba. Kuma maƙwabta sun yi nisa. A Benin da Togo kamfanin Spiro yana da wuraren da ɗan haya ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin ƴan mintoci. A Kigali, tun Janairun 2025 an daina yi wa sabon moton haya mai shan mai rajista. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024. Nan kusa da mu, Sakkwato, an buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun Afrilun 2021. Abin da ya shiga kasuwar Sakkwato da Kano, ba ya daɗewa bai ɓullo Bangi da Ƙonni ba.

To, a wace wuta za a jona? Nan ne nake son mu yi wa kanmu gaskiya. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa, kuma yankin Maraɗi, Damagaram da Tawa yana rataye ne da layin da ke fitowa daga Katsina. Da aka yanke ta a farkon Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, mun ga yadda dare ke da tsawo, sai cikin Maris na 2024 ta dawo. Muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, muna kuma jin maganar kwal ɗin Salkadamna tun muna lakwal. A ƙasar baki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Garin da wutarsa ke zuwa da rabo, idan aka jona mishi moto hamsin da magariba, lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin, ba daga sama wutar za ta fito ba. Daga firjin maganin rigakafi za a ɗebe ta, da injin tura ruwan famfo, da fitilar ɗakin haihuwa. Idan kuwa da gurup za a yi cajin, to an ƙona man da aka ce ana gudu, an kuma ƙara mishi asara.

Saboda haka matsayinmu shi ne: wurin caji a tasha ko kasuwa ya zo da ranarsa. Rumfa ce mai rufin pano, inuwa a ƙasa wuta a sama, da kontar tata daban, da waya mai kauri wadda ma'aikacin wuta na gaske ya ja, da abin yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. A yi caji da rana, lokacin da wutar ke zuba a banza. Wannan ya fi dacewa da musayar batir: batiran suna sha a rumfa tun hantsi, ɗan haya ya zo ya canza ya wuce, ba ya zaman jira. Tsakanin Madawa da Buza kusan kilomita 50 ne, moto mai batir za ta kai, amma da buhu biyu a baya da hawan dutsen Adar, ba za ta je ta dawo da caji ɗaya ba. Ke nan rumfa guda a Madawa ba ta da amfani sai da ƴar uwarta a Buza da wata a Keita. Aikin ma'aikatun magajin gari uku ne ko fiye, su zauna tare, su ware fili a tashoshinsu tun kafin wani ya zo ya killace.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi ci min rai. Ku koma rumfar salula. Dala goma ake biya don wat 15. Idan ka buga, kilowat guda ya haura jika uku, alhali mai kontar a gida yana sayen kilowat ɗin nan wajen dala ashirin, ko ƙasa ko sama kaɗan. Ba ina zagin mai rumfa ba ne, shi ma yana biyan wuri, yana gadin salular mutane, yana sayen ralonj. Amma ku ga yadda wanda ba shi da wuta a gida ke sayenta da tsadar da ta ninka ta mai hali sau talatin, kuma ba wanda ya taɓa kiran haka zalunci don kuɗin ƙanana ne. Idan aka bar cajin moto ya tashi a kan wannan al'ada, ta "kawo abin da ka kawo", ran kasuwa da kuɗinsa, baƙo da kuɗinsa, to duk ribar da ɗan kabu-kabu zai samu daga barin mai za ta ƙare a aljihun mai rumfa. Muna da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi. Ita ya kamata ta fito ta faɗi wa ke da izinin sayar da caji, da yadda za a auna shi. A sayar da kilowat, a rubuta kuɗin a allo kowa ya gani, kamar yadda kuɗin lita ke rubuce a gidan mai.

Akwai kuma tarkon da ba a cika gani ba. Kamfanonin musayar batir sukan yi batirin da ba ya shiga moton kowa sai tasu, kuma batirin nasu ne, kai haya kake. Tsarin yana rage kuɗin sayen moto, gaskiya ne. Amma idan magajin gari ya ba kamfani ɗaya tasha shi kaɗai na shekaru, ran da kamfanin ya ƙara kuɗi ko ya tattara ya tafi, moton yaro ta zama ƙarfe. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu a kan filin tasha a karanta ta gaban ƙungiyar ƴan kabu-kabu, a kuma bar wurin jonin da kowace irin moto za ta iya sha.

Mutanen Keita sun fi kowa sanin yadda aikin da ya zo daga waje ke rayuwa ko ya mutu. Babban aikin gyaran ƙasa da aka fara can a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da PAM, mata ne suka ɗauki yawancin dutsensa a ka yayin da maza ke wajen biɗa. Abin da hannun mutanen gari ke iya gyarawa shi ya fi daɗewa. Ku dubi fitilun sola na bakin hanya a garuruwanmu, nawa ne ke ci bayan shekara uku? Batir ya mutu, babu mai canzawa. Rumfar caji ma haka za ta zama idan babu yaran gari da aka koya wa aikinta. Batirin lithium ba ya son zafi, kuma idan ya kama wuta kashe shi da wuya, sai an san yadda ake ajiye shi a inuwa da inda za a kai shi in ya mutu, kada ya ƙare a juji yara na fasa shi. Muna da cibiyoyin koyon sana'a a kwaminoninmu, muna da makanikan moto a kowace kwana. Su ya kamata a fara da su.

Ga abin da muke roƙon masu bibiyar shafin nan da ke Madawa, Buza da Keita. Ku leƙa tasharku ran kasuwa, ku ƙirga moto da adaidaita masu batir in akwai, ku tambayi masu su a ina suke caji da nawa suke biya. Ku tambayi ƴan kabu-kabu lita nawa suke ƙonawa a yini. Ku turo mana, da sunan gari da ranar. Da waɗannan alƙaluman za mu rubuta wa ma'aikatun magajin garin uku takarda guda, mu nemi a ware filin rumfa a kowace tasha kafin damina.