Buhu Nawa Ya Kamata Jif Ya Ja Daga Aliero Zuwa Jega?

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar Aliero da Jega da Maiyama a lokacin cirar albasa ya san irin lodin da ake yi wa abubuwan hawa. Daga ƙauyuka irin su Sarandosa zuwa bakin kwalta, jaki da keken shanu da tarakta kowa na cikin aiki. Yanzu kuma ga masu jif da a-kori-kura da kan sa maƙeri ya haɗa musu ƙaramar tirela, su ƙulla a bayan mota, su jibga mata buhuna. In an tambayi direba ko kayan ba su yi yawa ba, amsarsa ɗaya ce: ai injin yana da ƙarfi, zai ja. Gaskiya ya faɗa, zai ja ɗin. Sai dai wannan amsa ta tsallake tambayar da rayukan mutane suka rataya a kanta, wato ko motar za ta iya tsayar da abin da ta jawo.

Jan kaya a kan taya abu ne mai sauƙi ƙwarai, shi ya sa yake yaudarar mutane. A kwalta mai laushi da ba ta da hawa, ƙarfin da ake bukata don tirela ta ci gaba da gangarawa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta ba. Ma'ana, tirela mai kilo 2,000 tana bukatar ja kwatankwacin ɗaga kilo 20 zuwa 40 kacal. Wannan ne dalilin da ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyar yake tura amalanke cike da jarkokin ruwa waɗanda ba zai iya ɗaga ko rabinsu ba. Da zarar an shiga rairayi ko an fuskanci hawa, lissafin ya sauya. Hawan da ke tashi mita 5 a kowace mita 100 yana ƙara wa waccan tirela ja na kilo 100 cur.

Masana dabbobin noma sun daɗe da auna wannan a jikin shanu. Sa mai lafiya yana iya jure ja na kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin jikinsa tsawon sa'o'in aikin yini. Yana iya ninka haka na ɗan lokaci, amma ba zai daɗe ba. Abin lura shi ne dabba tana da hanyar sanar da mai ita cewa an wuce gona da iri: numfashi ya yi sama, zafin jiki ya ƙaru, tafiya ta ragu, daga ƙarshe ta durƙushe ta ƙi tashi ko da an yi ta bugu. Taurin kan da ake zagin jaki da shi, sau da yawa, hanyar kare ƙashinsa ce da jijiyoyinsa. Ƙasusuwan ƙafar dabba an gina su ne da rarar ƙarfi, suna iya ɗaukar ninki biyu zuwa huɗu na abin da ke hawa kansu a lokacin gudu kafin su karye. Mutanen Aliero, garin da ya yi suna a sana'ar ɗori, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke faruwa idan rarar nan ta ƙare.

Mota ma tana da irin wannan rara, amma ba ta haki, ba ta durƙusawa. Birkinta yana ɗaukar zafi a ɓoye, kulocinta yana cinyewa a ɓoye, sai ranar da abin ya faru. Saboda haka ne masu ƙera ta suke rubuta iyakarta da alƙaluma, kuma alƙaluman biyu ne. Alal misali, wasu samfuran Toyota Hilux na baya-bayan nan an yarda su ja har kilo 3,500, amma fa idan tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi, iyakar kilo 750 ce. A Ingila doka ce: tirela marar birki kada ta wuce kilo 750 haɗe da kayanta, ko rabin nauyin motar da ke janta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. To, tirela nawa ce cikin waɗanda ake haɗawa a garejin bakin hanya take da birki? A ɗauka ita kanta fanko tana da kilo 400, buhun albasa kuma kilo 100. Abin da ya rage kilo 350 ne, wato buhu uku da rabi. Kowa ya san ba wanda zai ƙulla tirela don buhu uku.

Ga abin da ke faruwa idan an yi buhu goma sha shida. Tirelar ta zama kilo 2,000, a ce motar ma kilo 2,000 ce. A gudun kilomita 60 cikin sa'a, mota mai birki da tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta tana tsayawa cikin kusan mita 20 daga lokacin da birki ya kama. Da aka ninka nauyin, birkin kuma yana nan yadda yake, nisan ya koma kusan mita 40. Idan gudun ya kai kilomita 90, abin ya fi muni, domin ƙarfin da ke tattare da motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu: mita 45 ga motar ita kaɗai, kusan mita 90 idan tana ja. Ba a ma sa daƙiƙa ɗayar da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai ga birki ba, wadda a gudun 60 take cin mita 17. Ɗan makarantar da ya tsallaka titi a mita 45 gaban motar farko zai isa gida. Gaban ta biyu kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Akwai kuma yadda ake jera kayan, wanda shi ma kan hallaka ko da nauyin bai wuce kima ba. Ƙa'idar da aka fi bi a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota, don haka mafi yawan kaya su kasance gaban tayoyinta. Idan aka tara su a baya, tirelar takan fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kaɗawar tana ƙaruwa da gudu, har ta juya motar. Idan aka tara su gaba da yawa, gindin motar ya dushe, tayoyin gaba su yi sako-sako, sitiyari ya daina jin magana. Direban da ya ji tirela ta fara rawa, abin da ya dace ya yi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya bar gudu ya ragu da kansa. Taka birki da ƙarfi a wannan hali yakan sa tirelar ta naɗo ta daki gefen motar.

Wani zai ce ai alƙaluman Turawa ne, kullum sukan rage don tsoron shari'a. A kan batun zafi dai akasin haka ne. Ma'aunin da kamfanonin motoci suke bi a Amurka, wanda aka fara fitarwa a 2008, ya tanadi a gwada mota da tirelarta a wani hawa mai tsawon kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba. Wannan shi ne matsanancin gwajinsu, da sabuwar mota. A Jihar Kebbi zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, motocin kuma galibi 'yan Kwatano ne da suka sha shekaru, da tayoyin da wani ya riga ya ci rabin ransu. Idan akwai gyaran da ya kamata a yi wa alƙaluman a nan, ragewa ce.

Hujjar direbobi mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu biyu ya zama asara ga mai albasar da ke neman kai kayansa kasuwa kafin su fara ruɓewa. Amma mafita tana nan kusa: a sa wa tirela birki. Bambancin kilo 750 da kilo 3,500 duk a kansa ya tsaya. Tirelolin zamani suna da wata dabara mai sauƙi a wuyansu, da zarar mota ta rage gudu, tirelar ta turo gaba, turin nan da kansa yake jan sandar da ke kama birkinta. Ba ta bukatar lantarki ko kwamfuta. Wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, su zauna da maƙeran yankin su fito da samfurin da za a iya gyarawa da kayan da ke kasuwar Jega. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma, wadda take kan hanya tun 1988, ta riƙa duba ƙarƙashin tirela kamar yadda take duba takardu.

Malaman kimiyya na makarantun sakandare suna da nasu rabon. A jikin yawancin motocin da aka shigo da su daga Turai akwai ɗan faranti ko takarda a madogarar ƙofa ko cikin bonet, ɗauke da jerin nauye-nauye. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu iyakar motar haɗe da tirela. A fitar da ɗalibai su kwafo alƙaluman daga motar shugaban makaranta, su ɗebe na farko daga na biyu, su aro sikelin dillalan hatsi su auna buhun albasa guda, sa'an nan su raba.