Daji Ɗaya, Iyayengiji Huɗu

Jama'a, ku matso ku ji. A 2020 aka yi shela daga Abuja cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya yarda a mai da dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa. Biyu daga cikinsu sun sa mu a tsakiya, mu mutanen Taura. Na ɗaya Falgore, can kudancin Kano, inda Kogin Kano yake ratsawa kafin ya faɗa madatsar Tiga. Na biyu fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja. Ruwan da ya baro na farko shi ne yake gamuwa da Challawa, ya biyo ta ƙasar Ringim, ya je ya malala a na biyu. Don haka kada wani ya ce mana ba ruwanmu. Ruwanmu ne mana, har da kifin ciki!

To, bari mu ƙirga iyayengijin wannan fadama tun daga samun mulkin kai. Da fari hukuncinta yana Kaduna, zamanin Jihar Arewa. A 1967 ta koma hannun Kano. A ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa, ta koma Dutse. Sai ga Abuja ta miƙo hannu. Iyayengiji huɗu ke nan. Falgore kuwa har sunan yankan ma an sake masa, don zamanin En'e gandun Kogin Kano ake kiransa. Kowane sabon ubangida ya zo da sabon allo, da sabon fenti, da sababbin masu kaki. Amma a gaya mana, a cikin huɗun nan wane ne ya taɓa tara masunta da makiyaya da masu yankan kaba ya ce, "Me kuka gani?"

Ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Duk sa'ad da daji ya sake hannu, ƙofar da talaka zai kai kuka sai ta ƙara nisa. Jiya in an kama wa Bafillace shanu, ko an ƙwace wa masunci koma, zai sami dagaci ya raka shi, in ta yi tsanani ya hau mota zuwa Dutse ya kwana gida. Ran da ikon ya tattara a Abuja fa? Wa ya sani a can? Da wane kuɗin mota? Da wane Turanci?

Mu da Allah ya sa muka yi ɗan karatun boko mun duba dokar gandun daji na ƙasa ta 1999. Ta hana farauta, ta hana su, ta hana kiwo da sarar itace a cikin gandu sai da izni. A takarda abin da kyau. Amma ku 'yan kasuwar Gujungu kun san bandar kifi da tabarmar kaba da bijimin da kuke ciniki ba daga sama suke faɗowa ba. In an rufe wa na bakin fadama ƙofa, rumfarku ce za ta fara jin sanyi.

Wai an ce hannun Tarayya ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa. A tambayi mutanen Bauchi. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga 'yan kallo a 1962, Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi kayanta, sunan ya koma yadda yake. Shekara goma sha biyar ana ta buga takarda da sunan da aka zo aka goge. Giwayen dai ba su san an yi ba.

Kada a juya mana magana. Ba mu ce a bar daji kara zube ba. Mun ga yadda ɓarayin shanu suka taɓa mai da Falgore gida. Mun san tsuntsaye na tasowa tun daga ƙasashen Turai su yi hunturu a Baturiya, har duniya ta sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma muna alfahari da haka. Sai dai a faɗi gaskiya: ba mai koma ne ya rage ambaliyar da ke ciyar da fadama ba. Tiga da aka gama a 1974 da madatsar Challawa ta 1992 su suka sake wa kogin hali, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ranar kame kuwa sai mai jaki da ɗaurin itace. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da muke nema kaɗan ne. A rubuta iyakar gandu da Hausa da Fillanci, a karanta ta a bainar jama'a. A bar burtali da mashaya, a yanka wa masunta lokacin su, a sa hannu a kai. Aikin gadi a fara da 'ya'yan ƙauyukan da ke gefen daji. Ofishin kai ƙara kuma a ajiye shi Haɗeja, inda ƙafa za ta iya zuwa. Wakilanmu na majalisar Dutse da ta Abuja, ku zo Gujungu ranar kasuwa da takardar miƙa wannan daji a hannu, ku karanta mana abin da aka rubuta a ciki game da mu.